Akwatunan Takalma

Mahaifina bai taɓa riƙe bindiga ba.
Rula ya riƙe, da madubin ƙara girma,
a wani ɗaki, hawa na uku, a Tampere,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari kamar tsoho.

Aulis Rantakari. Farfesa, in ji ƙofar.
A gida kuwa, mai jiran jirgin ƙasa muke ce masa,
don jaridun Mosko sai sun kwana uku a hanya,
su iso da warin gawayi da sanyin iyaka.
Ya shimfiɗa hoton fareti a kan tebur,
maza goma sha biyu a baranda, huluna iri ɗaya,
ya auna: wa ya matso kusa da babba,
wa aka tura gefe da faɗin yatsa.
Labarin zuciya a tambayi fuska, haka ake cewa,
to waɗannan fuskokin an kulle su ta ciki,
sai ya koma tambayar kafaɗu.

Kowane suna da katinsa,
kowane kati da akwatin takalminsa.
Uwata ta ce mun sayi takalma don akwati,
ba don ƙafa ba.

Shekara ashirin da shida yana tara littafi guda.
Ya fito da bazara, bangonsa shuɗi,
jimlar ƙarshe tana cewa ginin nan zai kai jikokinmu.
Kafin ƙanƙara ta narke aka sauke tutar.
Na gan shi a kicin daren nan, rediyo a kunne,
yana ɓare dankalin da ba mai ci.
Rana ba ta ƙarya.
Washegari ya shiga aji, ya ɗaga littafin sama,
ya ce, ku karanta, ku nuna min inda na ɓata hanya.
Ɗalibai suka nuna masa. Ya rubuta duka.

Da bango ya tsage, ya shiga da jakarsa.
A ma'ajiyar takardu, wata Zoya Arkadyevna
mai safar hannu marar yatsu
ta riƙa turo masa fayil da shayi mai baƙi.
Nan ya nemo mutumin da ya ɓace daga hoto,
wanda ya gina wa babi guda na makirci.
Ashe ciwon haƙori ne ya hana shi fita ranar.
Ya yi dariya har mai gadi ya leƙo.
A fayil na gaba kuma, wani da bai taɓa zarga ba,
mai murmushi a layin baya,
sa hannunsa na ƙarƙashin sunaye ɗari huɗu.
Wannan bai ba mu labarinsa ba sai da ya tsufa.

Sannu a hankali tsagar ta rufe.
Fayil yana gyara, aka ce. Sannan biza tana gyara.
Abokinsa Gleb, da suke musu har asuba,
ya koma zancen yanayi a waya,
daga baya wayar ma ta yi shiru.

'Yan jarida suna kira: Farfesa, me zai faru?
Ya ce, na taɓa sani, bai yi min amfani ba.
Wanda ke kwana a gindin giwa
ba annabci yake koyo ba, numfashinta yake saurare.

Yau na kwashe ɗakin.
Akwati arba'in da ɗaya, jami'a ta ce ba wuri.
A na ƙarshe na tarar da hoton aurensu,
da layin fensir siriri tsakanin kafaɗarsa da ta uwata,
da rubutunsa a gefe, ƙanana:
babu tazara.